'Yar Tayar Roba da Muryar Yaya Rabe

Da za a ba ni dama in koma baya in goge abu guda a rayuwata, ba faɗuwar babur ɗin da ta bar mani ɗingishi zan goge ba, ba kuma gonar Kankara da na sayar cikin gaggawa ba. Amsa ce guda da na ba yayana a tsakiyar kasuwar Yankara, gaban jama'a. Ku 'ya'yana kun taso kun tarar da Baba Rabe mutum mai shiru, wanda in ya zo gidanmu sai ya zauna a zaure yana ta gyaran ƙotar fartanya, har kuna ce mashi Baba Kurma a bayan idonsa. Ina jin ku, ban taɓa hana ku ba, domin in na hana sai na yi bayani. To ga bayanin yanzu. Kafin a haife ku, daga Faskari har Sabuwa, ba a ɗaukar gayyar noma ta cika in ba shi ya yi waƙa a wurin ba.

In mai gona ya kira gayya, samari suka jeru da garemani a bakin gona, Yaya Rabe ne ke bin bayansu da makaɗansa biyu, Ɗanjuma da Ilu. A baya yake tafiya kullum, don haka da yawa cikin manoman muryarsa suka sani, ba fuskarsa ba. Abin da ya raba shi da sauran mawaƙan noma jan murya ne. Yakan ɗauki sunan mutum ya ja shi, ya yi ta ja, murya a miƙe kamar igiyar da aka ɗaure tamau, ba rawa ba karkarwa, sai wanda ake kira ya kusa kai ƙarshen gona kafin ya sauke. Na ga ƙato yana noma tafin hannunsa na jini, bai sani ba, saboda wannan kiran. Shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yabonsa. In mata suka shigo suna ba ta labarin abin da ya yi a gayya, sai ta ce, "Ku dai kuka ji," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ni ne ƙarami. Na yi firamare ban ƙarasa ba, aka kai ni Kankara koyon gyaran keke. Abu na farko da maigidana ya cusa mani a kai shi ne, duk abin da ke juyawa mai yake so. In sarƙa ta yi kuka a ɗiga mai, in gindin feda ya yi tauri a ɗiga mai. Na riƙe wannan karatu da kyau, kuma ga keke gaskiya ne. Sai shekarun nan suka zo da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, lokacin muna cikin jihar Kaduna. Wanda ke hawan jaki ya sayi keke, mai keke ya sayi babur, kowane gida na son rediyo. Na bar gyaran keke na koma sayar da batir da tocila da ƙananan rediyo, ina bin kasuwanni a kan babur. Don in ja jama'a zuwa rumfata, na je Funtua na sayo garmaho. Ba irin na dauri ba ne mai hannu, wanda ake murɗawa kamar agogo. Ɗan jan akwati ne mai aiki da batir, na haɗa shi da lasifika da nake ɗaurawa a reshen itace. In na sa faifai a Kankara, har mahauta a can ƙarshen kasuwa suna ji. Nan da nan sunana ya koma Lawal Mai Garmaho, kuma ba zan ɓoye maku ba, sunan ya shiga kaina.

Wata rana na ji akwatin yana ɗan ƙara, saboda ƙasar hanya da yake sha. Na ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, na leƙa. Sai na ga ɗan injin ciki da siririn ƙarfe yana juyawa, ga kuma wata 'yar taya ta roba tsakaninsa da bakin farantin. Ƙarfen ya juya tayar, tayar ta juya faranti. Na ce ashe ma keke ne. Na ɗauko gwangwanin maina na ɗiga mata. Ƙarar ta ɗauke, na ji daɗi, daga nan duk mako sai na ɗiga. Wata ɗabi'ar kuma, in kasuwa ta tashi ba na mai da maɓallin wurin hutunsa. Wayar batir kawai nake zarewa, in rufe akwati, in ɗaure bayan babur, ya sha rana har gida.

Faya-fayan da nake sawa duk masu zafin kiɗa ne, kalangu da kiɗan rawa na kudu, abin da ke tsayar da mai wucewa. A irin wannan kiɗa ba ka jin wata matsala. Mahaifiyarku, Hajiya Indo, lokacin tana amarya, ita ta fara lura. Akwai wani faifan Indiya da mace ke jan murya a hankali, na sa mata a tsakar gida. Ta saurara, ta ce:

"Malam, wannan baiwar Allah waƙa take ko kuka?"

Na ce, "Haka Indiyawa ke yi. Me kika sani?"

Ta ce, "Da ka fara kawo shi ba haka take yi ba."

Na kashe, na ce ta je ta duba tuwonta.

A kakar wannan shekarar wani mutum daga kamfanin faya-fayai na kudu ya zo Funtua yana neman mawaƙan ƙauye. Aka kai mashi Yaya Rabe da makaɗansa. A wani ajin makaranta aka yi ɗaukar. Mutumin ya toshe kunnuwansa da wani abu, shi kaɗai ke jin abin da ke shiga na'urar. Suna gamawa ya naɗe kayansa, mota na jiransa. Yaya ya roƙi a sa mashi ya ji ko kaɗan, aka ce ya jira faifai. Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane ba, amma har wannan lokacin Yaya bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Abin da ya sani game da ita shi ne abin da mutane ke faɗa mashi, da yadda garemani ke sauri in ya ɗaga ta.

Gab da faɗuwar damina wani direban babbar mota ya kawo faifan Faskari, ɗan ƙarami, cikin rigar takarda. Yaya bai yi boko ba, ni na karanta mashi sunansa a tsakiya. Ya riƙe shi da hannu biyu kamar an miƙa mashi jariri. Ya ce in sa mu ji a gida, mu da Inna. Ni na hana. Na ce abu irin wannan ba a ɓoye shi a ɗaki, a bari sai ranar kasuwar Yankara duniya ta ji. Abin da ke raina shi ne a ga garmahon Lawal ne ya fito da Rabe.

Ranar ya zo cikin sabuwar riga, Ɗanjuma da Ilu na bayansa. Labari ya riga ya bazu, rumfata ta cika har masu awon hatsi sun bar buhunansu. Na goge faifan da gefen rigata, na ɗora, na sauke allura. Abin da ya fara fitowa daga lasifika wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota na tahowa daga nesa. Sai ganguna suka shigo, mutane suka fara gyaɗa kai. Sannan Yaya ya ɗauki sunan manomi ya fara ja. Muryar ta tashi, sai ta lotsa, ta sake hawa, ta sake lotsawa, tana rawa kamar ta mai jin sanyin zazzaɓi a kan jaki. Duk inda ya ja, haka. Can wani ya tuntsire da dariya. Wani taubashinmu mai sayar da gishiri, wanda dama ba ya raga mashi, ya ɗaga murya:

"Rabe, ashe masassara kake ranar? Ai da ka faɗa da mun kai maka saɓara."

Wani ya ce, "Tsoron na'urar ne ya kama shi. A gona zaki, gaban mutumin kudu ɗan akuya."

Yaya bai kula su ba. Ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali, amma na kusa sun ji.

"Lawal, haka muryata take?"

A wannan lokacin maganar Indo ta faɗo mani a rai. Amma jama'a na kallo, kuma ɗayan biyu ne, ko muryar ce da laifi ko akwatina. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Yaya, inji ba ya ƙarya. Abin da ka zuba mashi shi ya dawo maka da shi."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Ya juya ya fita daga kasuwar. Ko faifan bai ɗauka ba.

Da damina ta kankama aka fara aiko mashi da goron gayya, yana mayarwa. Yakan ce maƙogwaronsa ne. Daga baya matarsa ta gaya wa Indo cewa yakan ce mata shekara da shekaru ashe mutane na rufa mashi asiri ne, suna jin rawar muryar suna yin shiru don ganin idon mahaifinmu. Ɗanjuma ya jira shi damina guda, ya gaji, ya tafi Kaduna aikin gini. Ilu ya bi wata mota zuwa Ikko. Gangunan suka zauna a rataye a rumbu har gara ta taɓa fatar. Inna ba ta je kasuwar ba, amma labari ya same ta. Ranar da na je gaishe ta, ba ta amsa gaisuwar da kyau ba. Ta ce:

"An ce gwangwaninka ya ce yayanka bai iya ba."

Na ce, "Inna, abin Turawa ne, ba ya son kai."

Ta ce, "Ni ban san abin Turawa ba. Amma tun yana goye nake jin kukansa, bai taɓa rawa ba."

Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa ji ta yi mashi, kuma ban ɗauke shi komai ba.

Sai da damina ta biyu ta wuce garmahon ya kai ga ko kiɗan kalangu ba ya iya ja, faranti na juyawa yana tsayawa. Aka ce mani akwai wani Malam Sada a Sabuwa, ya daɗe yana gyaran rediyo a Kaduna kafin ya dawo gida. Na ɗaure akwatin da faya-fayaina na tafi. Dattijo ne mai tabarau, rumfarsa a bakin hanya. Ya ɗaga farantin, ya taɓa 'yar tayar, ya murza yatsunsa biyu, ya shinshina.

"Kafin wannan wace sana'a kake?"

"Gyaran keke, Malam."

"Na gani. Ka yi mata miya sosai."

Ya ciro tayar ya ɗora mani a tafin hannu. Ta kumbura, ta yi santsi, kuma gefe guda ya lotsa kamar an danna da farce. Ya ce in zauna. Bai yi mani faɗa ba, bayani ya yi, kuma har yau ina riƙe da shi. Ya ce faifai ba shi da murya sai an juya shi, kuma da saurin da aka yanka shi da wannan saurin yake so a mayar mashi, ba ƙari ba ragi. In faranti ya ɗan sassauta, murya ta yi ƙasa ta yi kauri. In ya ɗan zabura, ta yi sama ta sirance. Ita wannan taya da kamu take aiki, ba da santsi ba, in ta sha mai sai ta riƙa zamewa. Lotsawar kuwa daga barin ta a matse jikin ƙarfe ne cikin rana, duk zagayen da ta yi sai ta yi ɗan tsalle a wurin. Ya ce kiɗa mai zafi yana ɓoye wannan, amma mai jan murya ba shi da wurin ɓuya. Sannan ya kunna injin ya ce in ɗora yatsa a kan akwatin. Na ji yana ɗan kakkarwa.

"Ka ji wannan? Tayar a matse take tsakanin inji da faranti, duk karkarwar inji sai ta miƙa ta sama, allura ta ɗauka, lasifikarka ta ƙara mata girma. Shi ne gurnanin da kake ji. Taya in tana da lafiya ƙarfi gare ta, ba na kushe ta. Amma taka ta daɗe da mutuwa."

Ya yaye wani zane a bayansa ya nuna mani nasa garmahon, wanda yake ja da batirin mota. Ya ɗaga farantin ya ce in riƙe. Nauyi gare shi kamar murfin tukunyar ƙarfe. A ƙarƙashi babu taya. Injin na can gefe, zaune kan ƙafafun roba, sai wani siririn bel da ya zagayo daga shi zuwa farantin, irin na injin niƙa amma bai fi igiyar takalmi kauri ba. Ya ce bel ɗin na shanye karkarwar kafin ta iso, nauyin farantin kuma ba ya barin saurin ya yi hawa da sauka. Aibinsa, in ya tsufa ko ya sha zafi yakan saki, sai waƙa ta riƙa jan ƙafa, shi ya sa yake rufe shi a inuwa. Ya ce akwai na uku da ya gani a Kaduna, babu taya babu bel, farantin a kan injin kansa yake zaune, kana taɓawa ya kama sauri kuma ba ya saki. Amma in ya lalace babu mai taɓa shi a ƙasar nan tamu.

"Kana da faifan da ake jan murya? Da shi ake gane gaskiyar inji."

Faifan Yaya na can ƙasan tarin, tun ranar Yankara ban sake sa shi ba. Na miƙa mashi. Babu gurnani, sai ɗan shuu na allura. Ganguna suka shigo. Sannan muryar ta tashi ta miƙe, ta tafi, ta yi ta tafiya, ko gezau. Gonakin Faskari na gani a gabana, da ƙurar garemani. Malam Sada ya cire tabarau ya ce wane ne wannan. Na ce yayana ne.

Ban biya Kankara ba, Faskari na wuce. Na sami Yaya yana ɗaure dawa. Na faɗa mashi komai, har da man keke, har da maganar Indo. Ya saurara bai daina ɗaurin ba. Na ce ya zo mu je Sabuwa ya ji da kunnensa, don Malam Sada ba ya yarda injinsa ya hau babur.

Ya ce, "An yi mani dariya a Yankara. Sai na kai kaina Sabuwa a ƙara?"

Na koma wurin Inna. Ta ɗauki mayafinta, ta aika a gaya mashi gobe za ta Sabuwa kuma ba ta tafiya ba namiji babba. Haka muka shiga motar haya mu uku, ita da ba ta son mota.

Malam Sada ya shimfiɗa wa Inna tabarma daga ciki. Yaya ya ƙi zama, ya tsaya a bakin rumfa kamar mai shirin gudu. Aka sauke allura. Ina kallon bayansa. Da jan muryar ya zo, sai na ga kafaɗunsa sun ɗaga, yana riƙe numfashi tare da faifan, bai saki ba sai da muryar ta sauka. Da ya ƙare ya samu benci ya zauna, ya ce, "Malam, a sake." Ana cikin na biyun wani tsoho mai ɗauke da fartanya ya tsaya a bakin hanya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce:

"Wannan ai Rabe ne na Faskari. Na yi noma a gabansa, ya kira sunana har na manta ina da baya. Shiru muka ji. Ko ya rasu ne?"

Yaya na zaune kusa da ƙafarsa. Ya ce, "Yana nan, Baba. Noma yake."

"To a gaishe shi. A ce mashi ba a yi kamarsa ba."

Daga cikin rumfa, ƙarƙashin mayafi, Inna ta ce, "Shi ne." Ban san ko da tsohon take ba ko da faifan. Tsohon dai bai ji ba, ya wuce.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sai Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Lawal, ranar nan, da a ce ka ce mani ba ka sani ba, da ya ishe ni."

Ya yi niyyar komawa waƙar gayya. Ya sa aka sake wa gangunan fata, ya aika wa Ɗanjuma saƙo Kaduna. Amsar da ta dawo ita ce yanzu yana da albashi duk wata, a yi haƙuri. Ilu ba a ma san inda yake ba. Samarin da ke cika gayya sun watse birane, masu hali sun koma hayar tarakta da 'yan ƙwadago. Ba na cewa ni na kashe gayya a ƙasarmu, da ni da babu ni za ta tafi. Amma damunan ƙarshe da aka yi ta, waɗanda nasa ne, ni na karɓe su daga hannunsa.

Sau ɗaya na sake jin ya yi waƙa, bayan shekaru masu yawa, Inna ta riga ta rasu. Muna nome gonarta mu biyu, duk mun yi furfura, ina gaba yana baya. Ba zato na ji ya ɗauki sunana ya fara ja. Muryar ta tashi, ta kai rabi, sai ta fara rawa. Wannan karon rawar tata ce. Ya tsaya, ya yi dariya har da tari, ya ce:

"To Mai Garmaho, yau dai injinka ya yi gaskiya."

Ni ban iya dariyar ba.

Faifan yana cikin akwatin ƙarfen mahaifiyarku, naɗe cikin zane. In kun samu inda za ku sa shi, ku fara ɗaga farantin ku ga abin da ke juya shi, ku gwada da wani faifan tukuna, kada ku sa wa jikokinsa shi a kan injin da ba ku bincika ba. Abin da nake roƙonku kuma shi ne, in wani naku ya matso kusa ya tambaye ku ko haka yake, alhali ba ku tabbata ba, kada ku yi irin tawa. Ku ce mashi ba ku sani ba, ko da kasuwa duka na kallonku.